Tayar da Tsohuwar Fijo 504 a Kebbi: Ina Za Ka Samo Kayan da Za Su Hau Ta?

Fijo 504 ta mahaifinmu ta shekara goma sha ɗaya a gindin dogon yaro a gidanmu na Birnin Kebbi, har kaji sun mayar da kujerar baya akurki. Da muka yi shawarar tayar da ita, na zaci wahalar ta bakanike ce. Ashe tawa ce. Shi bakanike abin da ka kawo masa yake ɗaurawa. Kai ne mai yawon nema, kuma kai ke asara idan ka kawo abin da bai hau ba. Duk wanda ka tambaya da tasa shawarar: wannan ya ce kasuwar Panteka ta Kaduna, wancan ya ce Ƙofar Ruwa ta Kano, wani ya ce ka tsallaka Gaya ta Nijar, ɗan boko kuma ya ce ka yi oda daga Faransa ka huta. Na bi kusan dukan waɗannan hanyoyi, wasu da riba, wasu da ciwon kai. Ga yadda na auna su.

Wace 504 ce taka?

Mai shago zai ce maka 504 duk ɗaya ce. Kada ka yarda. Kamfanin Peugeot ya fito da motar nan a Faransa a 1968, masana'antar Kakuri ta Kaduna ta fara aiki a 1975 ta kuma ci gaba da harhaɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, Ajantina ta yi tata har 1999, Kenya har 2004. Motar da aka yi kusan shekara arba'in ana ƙerawa a ƙasashe daban-daban ba za ta zama abu guda ba.

Injin fetur kala biyu ne a yawancin waɗanda ke hannunmu: mai cc 1796 da mai cc 1971. Daga waje sun yi kama, amma faɗin silindar na farko milimita 84 ne, na biyu 88. Ke nan fistin, zobba, silif da gasket ɗin tof-silinda ba sa musanya. Akwai kuma masu injin dizal, su duniyarsu daban. Tsakanin tayar gaba da ta baya mita 2.74 ne a salun, 2.90 a wagon, 3.00 a a-kori-kura, saboda haka farfela da bututun da take gudu a cikinsa ba tsawo ɗaya ba ne, haka ma salansa. Wasu salun ɗin kowace tayar baya cin gashin kanta take yi, da birkin faifai, wasu kuma aksul guda ne miƙaƙƙe da birkin ganga. Wata giyar hannu ce a jikin sitiyari, wata a ƙasa. Kafireta akwai Solex, akwai Zenith. Birkin gaba akwai Girling, akwai Bendix.

A wannan na ƙarshen na fara biyan kuɗin makaranta. Na sayo takalman birki a wani shago, mai shagon na ta rantsuwa cewa na 504 ne, kuma bai yi ƙarya ba. Tsohon bakaniken da ke mana aiki, wanda ya fara koyon sana'a tun zamanin Fijo 404, ya ciro tsohon takalmi ya jera shi da sabon a kan bonet. Bai ce komai ba sai da na duba da kaina na ga kunnuwan sun bambanta. Sannan ya ce: "Ɗana, wanga na Fijo na, amma ba na taka ba na." Na ce: "Baba, ai kama suke." Ya ce kama da wane ba ta wane.

Tun daga ranar, ba na fita sayen kaya sai da abu uku: hoton farantin lambar shasi da ke cikin ɗakin inji, lambar da aka buga a jikin bulok, da tsohon abin da zan musanya a cikin leda. Idan ka samu lambar kayan ta kamfani, ka gama rabin aiki. Tsofaffin lambobin kayan Peugeot alƙaluma huɗu ne, sai ɗigo, sai biyu. Huɗun farko na nuna dangin kayan: 1109 matatar man inji, 1201 famfon ruwa, 0209 gasket ɗin tof-silinda. Biyun ƙarshe su ke raba taka da ta maƙwabcinka.

Ma'aunin da na yi amfani da shi

Abu biyar nake dubawa. Na farko dacewa: zai hau ba tare da an gurza, an huda ko an yi walda ba? Na biyu ƙarko, musamman a zafinmu na watan Afrilu da ke haura digiri 40 da ƙurar hunturu. Na uku kuɗi, kuma ba na shago kaɗai ba, har da na mota, na webil da na bakaniken da zai sake kwancewa idan abin ya ƙi. Na huɗu sauƙin samu. Na biyar haɗari: jabu, kayan sata, ko abin da ba a mayarwa. Akwai na shida da ya shafi wasu kawai, wato ko kana son motar ta koma kamanninta na ranar da ta fito daga Kaduna, ko kuwa burinka dai ta tashi ta kai ka Argungu ta dawo.

Sabon kaya na tsohuwar ajiya

Wannan shi ne kayan kamfani na asali da ba a taɓa ɗaurawa ba, ya kwana shekaru a kanta. Ana dacewa da shi a wurin tsofaffin dilolin Fijo a Kaduna da Kano, wani lokacin a can ƙuryar shagon da ɗan mai shi ya gada bai ma san abin da ke ciki ba. Wajen dacewa ba shi da na biyu, muddin lambar ta yi daidai. Kuɗinsa ba shi da tsayayyen ƙa'ida: wanda ya san darajarsa zai yanke ka, wanda bai sani ba zai ba ka don ya share wuri.

An ce da tsohuwar zuma ake magani, to amma ban da roba. Ƙarfe, gilashi, fitila, tambari da madubi ba ruwansu da shekaru. Roba kuwa tana tsufa ko ba a taɓa ta ba. An kawo mana tiyon lagireto cikin ledarsa mai hoton zaki, fes da shi. Baba ya naɗe shi biyu a hannu, sai ga tsaga-tsaga sun buɗe a bayansa kamar faso a diddige. Da mun ɗaura, da a hanyar Jega zai fashe mana. Haka robobin birki, fanbel, bushin da robar cikin famfon mai. Boris ma a duba shi, don girishin ciki kan daskare, tsatsa ta kama ƙwallayen.

Sabon kaya na wasu kamfanoni

Nan ne kasuwa ta fi cika, nan ne kuma aka fi cin mutane. A gane wani abu: Peugeot ba ita ke ƙera komai na jikin motarta ba. Fitilu na Cibié ne ko Marchal, kayan wuta na Ducellier ko Paris-Rhône, kuma waɗannan sunaye duk sun koma ƙarƙashin Valeo. Saboda haka kuloci na Valeo, boris na SKF, matatar Purflux ko filogin Bosch, in na gaske ne, ba su gaza wanda ke cikin kwalin zaki ba. Su ne ma zaɓin da ya fi hankali a duk abin da ke cinyewa.

Matsalar ita ce kwalin ya fi kayan sauƙin bugawa. A shago guda za a fito maka da kala uku, a ce wannan "orijinal", wannan mai bi masa, wannan kuma ɗan Chana, alhali wani lokacin bambancin biyun farko kwali ne kawai. Abin da nake yi: in auna nauyinsa a hannu da tsohon, in duba ko an buga suna da lamba a jikin ƙarfen kansa ba a takarda ba, in kalli gefuna ko an gyare su sumul. Kwantak da kwandensa na jabu su ne suka fi wulaƙanta mai Fijo, mota na tafiya lafiya sai ta ɗauke wuta a tsakiyar titi. Gasket ɗin jabu kuma yakan haɗa maka ruwa da mai cikin 'yan watanni, ka koma kwance inji.

Samunsa ba wuya. Abubuwan yau da kullum ana samu a Birnin Kebbi da Sakkwato, abin da ya gagara a aika Ƙofar Ruwa, ko kasuwannin Nkpor da Nnewi a Anambra. Dalilin da ya sa har yanzu kayan injin ba su yanke ba shi ne Fijo 505, wadda ta fito a 1979, ta gaji injin cc 1971 da giyabos mai giya huɗu daga 504. Da yawa daga kayan cikinsu na shiga juna, amma a gwada kafin a biya. Kayan bodinsu kuwa ba su haɗa komai ba.

Folokom daga yankakkiyar mota

A nan zan daɗe, don a nan ne mai tayar da tsohuwar mota zai fi zama. Ƙofa, bonet, bamba, gilashi, dashbod, hannun ƙofa, giyabos, aksul, tof-silinda: akasari ba wanda ke ƙera sababbinsu masu kyau a kusa da mu, sai dai a cire daga wata motar, wato folokom. Hanyoyinsa uku ne, kuma ba ɗaya suke ba.

Ta farko kasuwannin 'yan yanka, irin Panteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano da Ladipo a Legas. Can ne zaɓi ya fi yawa. Sai dai abin da ake kira Beljiyam, wato wanda aka kwaso daga Turai, ya yi ƙaranci a 504, domin Faransa ta daina yin salun ɗin tun 1983. Mafi yawan abin da za a nuna maka a ce Beljiyam ne, daga tsohuwar tasin nan gida aka ciro shi, aka wanke da fetur aka fesa fenti. Ba laifi ba ne sayen na gida, laifin a karɓi kuɗin Beljiyam a kansa.

Ta biyu tsallaka iyaka. Mu mutanen Kebbi muna da wannan gatan: daga Birnin Kebbi ka bi Kalgo, Bunza, Kamba, ka faɗa Gaya, in ka haye gadar Kwara kana Malanville ta Benin. Ƙasashen nan rainon Faransa ne, Fijo ta zauna a cikinsu sosai, kuma ba dukan motocinsu ne suka bi ta Kaduna ba, don haka akan ci karo da kayan ƙirar Faransa zalla. Cikas ɗin shi ne ciniki da sefa, wadda ta yi wa naira nisa, ga kwastan, ga kuma iyakar kanta da ba ta da tabbas: an rufe ta a Agustan 2019, an sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Kada ka ba da kafin alƙalami mai yawa a kan abin da ke wancan gefen.

Ta uku, wadda na fi so, sayen matacciyar mota sukutum. A Zuru, Yawuri, Jega da ƙauyukan da ke tsakani, akwai 504 da suka durƙushe a bayan gidaje suna jiran 'yan gwangwan su zo su saye su a kan nauyin ƙarfe. Idan ka riga su, kuma ƙirarta ɗaya da taka, ka samu shago naka na kanka: kowane noti, kowane maƙali, kowace 'yar wayar da ba ta da suna balle ka aika a sayo. Kuɗin na fita a dunƙule, ga na janwe, ga wurin ajiya, ga gorin mutanen gida cewa ka ƙaro musu bola. Amma in ka lissafa abu goma da za ka saya ɗaiɗai, sau da yawa ita ta fi araha. Ka tabbata mai ita ne ya sayar maka, da takardu da shaidu. In kuma injinta za ka ɗora wa taka, a gyara lambar inji a takardun mota, don kada ka sha tambaya a shingen hanya.

Akwai wani sirri da ƙasarmu ta ba mu. Bodin motar da ta rayu a Kebbi ko Dosso ba ya ruɓewa kamar na Legas mai iskar teku, ko na Turai inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Amma rana ta gama da dashbod ɗinta, kujeru da robobin gilashi. Ta Turai akasin haka ce: ciki lafiya lau, ƙasa kuwa rariya. Saboda haka ƙarfen bodi a neme shi a Arewa, kayan ciki a neme su daga inda rana ba ta da ƙarfi.

Tof-silinda na bukatar ido na musamman. Na alminiyam ne, kuma yawancin direbobinmu ruwan rijiya suka yi ta ɗura wa lagireto shekara da shekaru, ya cinye bakin hanyoyin ruwan. Ka kifa shi, ka ɗora miƙaƙƙiyar rula ta ƙarfe a fuskarsa, ka haska tocila ta baya. In haske ya ratso ta ƙasan rular, ya bankare. Ka kuma duba tsakanin mazaunin bawul ko akwai tsaga. In an riga an sha fere shi a wurin mai tana, wato mai injin fere ƙarfe, bar musu kayansu.

Oda daga waje

A Sochaux ta Faransa, mahaifar motar, akwai gidan tarihin L'Aventure Peugeot, kuma ƙungiyar da ke riƙe da shi tana sayar da kayan tsofaffin motoci, har da waɗanda aka sake ƙerawa. Akwai kuma shagunan intanet na Turai da suka ƙware a tsohuwar Fijo. Wannan ce hanyar samun sababbin robobin gilashi da na ƙofa, kayan gyaran kafireta, murfin fitilun baya da tambari. Ingancin yana da kyau, tsadar ma haka: yuro, kuɗin jirgi, kwastan, da jira na makonni. In ka yi kuskuren lamba, mayarwa ta fi sayen tsada.

Hattara biyu. Najeriya ta koma tuƙin hannun dama tun Afrilun 1972, sitiyarin motocinmu a hagu yake. Kayan sitiyari, dashbod da fitilun gaba na Ingila, Kenya ko Afirka ta Kudu ba za su yi maka ba. Sannan 504 ta Ajantina ta shekarun ƙarshe an canza mata fuska da baya, don haka fitilu da bambarta ba irin namu ba ne.

Gyara na jikinta

Mutane na saurin jefar da abin da ya fi wanda za su sayo. Kik, altaneta, lagireto na tagulla, kafireta da distirbita na asali duk ana farfaɗo da su: riwaya ya sake naɗi ya sa sabon burushi, mai lagireto ya buɗe ya zure, mai tana ya fere bushin. Shi ne mafi araha, kuma dacewa ba a maganarta tunda nata ne. Ingancin yana hannun mai aikin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne walda a kayan sitiyari ko na birki, ko da wa zai yi. Dasa injin wata mota kuma, wannan ya fita daga tayar da Fijo ya koma wani aikin daban.

| Hanya | Dacewa | Ƙarko | Kuɗi | Samu | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Tsohuwar ajiya ta kamfani | Cikakkiya | Ƙarfe madalla, roba a'a | Ba tsayayye | Sai an dace | Busasshiyar roba |
| Sabo na sanannen kamfani | Mai kyau | Mai kyau | Matsakaici | Da sauƙi | Jabu a kwalin gaske |
| Sabo marar suna | Sai an gwada | Kaɗan | Araha | Ko'ina | Sake aiki |
| Folokom na kasuwa | Mai kyau | Gwargwadon wahalar da ya sha | Matsakaici | Sai an yi tafiya | Fentin yaudara |
| Matacciyar mota sukutum | Cikakkiya in ƙira ɗaya ce | Kamar na sama | Da nauyi a farko | Sai an yi cigiya | Rashin takardu |
| Oda daga waje | Mai kyau in lamba ta yi | Mai kyau | Mafi tsada | Jira | Kuskuren lamba |
| Gyaran nata | Cikakkiya | Ya danganta da mai aiki | Mafi araha | Nan gida | Aikin ha'inci |

Wa ya kamata ya bi wace?

Idan motar gado ce kuma so kake ta koma yadda ka san ta kana yaro, fara da neman matacciyar 'yar uwarta kafin ka taɓa ko sifana. Daga ita za ka ɗebi bodi da ƙananan ƙarafa. Fitilu, tambari da madubi ka yi cigiyarsu a tsohuwar ajiya, robobin gilashi da na ƙofa kuma ka daure ka yi oda sau ɗaya, ka haɗa komai a kwali guda don kuɗin jirgi ya yi ma'ana.

Idan a-kori-kura ce ko wagon da za ta koma ɗaukar shinkafa da albasa zuwa kasuwa, ba ruwanka da oda. Sabon kaya na sanannen kamfani a inji da birki, folokom a giyabos da aksul, kik da altaneta a kai wa riwaya. Ka riƙe dila guda a Kano ko Kaduna wanda ya yarda zai karɓi abin da bai hau ba, ka riƙa tura masa hoton tsohon tare da rula a gefensa ta WhatsApp kafin ya sa a motar tasha. Yanayin hanyoyin nan bai kai a yi ta zirga-zirga saboda famfon ruwa guda ba.

Idan kuɗinka kaɗan ne, a hankali za ka bi ta, to jera su haka: birki, sitiyari, sanyaya inji, wuta, sannan kwalliya. Tiyon birki, robobin masta da na ƙafa, tayoyi da tiyon mai sababbi kawai, na kamfanin da ka sani, ko da hakan zai sa fenti ya jira baɗi. Marar suna ka bar shi a inda in ya mutu ba ya kashe kowa: murfin taya, robar feda, hannun gilashi.

Mu a tamu, wata salun da muka samo a bayan wani gida a Zuru ce ta ba mu ƙofofi biyu, bamba da tof-silinda. Kayan birki daga Kano suka zo, a karo na biyu, bayan na tura hoton da ya kamata in tura tun farko. Abin da ya rage mana yanzu agogon dashbod ne da murfin fitilar baya ta hagu, kuma Baba ya ce akwai wani tsohon direba a Kamba da ya ajiye nasa a cikin adaka.